Idan yaronku ba ya ji: jagorar shigar da maganar hannu cikin gida a Damagaram

A yawancin gidajenmu na Damagaram, idan aka lura yaro ba ya ji, abin da ake fara yi shi ne neman magani. A je likita, a je wurin malam a karɓo rubutu, a gwada na wanzami, a ji labarin wani mai magani a Magariya ko a Kano a shiga shirin tafiya. Ƙauna ce ke sa iyaye wannan faɗi-tashi, kuma babu mai ganin laifinsu. Sai dai kafin a ankara shekara biyu ko uku sun wuce, yaron yana zaune cikin gida ba shi da harshen da zai yi tambaya da shi, ba wanda zai iya gaya masa dalilin da ya sa aka hana shi wani abu, ko inda mahaifinsa ya tafi, ko abin da ya tara mutane a zaure suna kuka. Waɗannan shekaru na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi saurin ɗaukar harshe, na baki ne ko na hannu, kuma wanda ya wuce su ba tare da harshe ba yakan sha wahalar karatu da fahimtar al'amura har girmansa. Don haka shawarar da wannan jagora ta ginu a kanta ita ce a ci gaba da neman lafiyar kunne, amma a fara maganar hannu a gida tun ranar da aka yi zargin yaro ba ya ji, ba tare da jiran sakamakon kowane magani ba.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, waɗanda ba su taɓa koyon maganar hannu ba. Ke nan idan kun ga kanku a ruɗe, ba ku san ta inda za ku fara ba, haka kusan kowane gida yake farawa.

Mataki na farko: ku tabbatar da abin da kuke zargi

Jariri mai ji yakan firgita idan ƙofar langa-langa ta bugu ko kwano ya faɗi. Idan ya kai wata shida yakan juyo wajen da sauti ya fito, a wajen shekara guda yana amsa sunansa, yana kuma fara cewa «Inna» ko «Baba», sannan a shekara biyu yana haɗa kalmomi biyu. Kada gwarancin watannin farko ya ruɗe ku, domin jariri kurma ma yana fitar da murya, yana kuka, yana dariya. Daga baya ne muryar ke raguwa ko ta tsaya a sauti ɗaya.

Gwajin gida yana da sauƙi amma yana buƙatar kula. Uwa ta zaunar da yaron a cinyarta yana kallon gaba, wani ya tsaya a bayansa, inda inuwarsa ba za ta faɗo gaban yaron ba, ya kira sunansa da murya ta yau da kullum, sa'an nan ya buga murfin tukunya da cokali. Kada ya buga ƙafa a ƙasa, kada ya kusanto har iskar tafinsa ta taɓa wuyan yaron, kuma uwar ta daure kada ta motsa, domin kurma yana jin girgizar ƙasa da motsin jikin mai riƙe da shi, sai ya waiwaya a zaci ya ji. A maimaita a ranaku dabam-dabam, dama da hagu.

Akwai yaron da tilas a gwada ko da ba a ga wata alama ba, shi ne wanda ya tashi daga sanƙarau. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da wannan ciwo ke zagayowa duk rani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram tsakanin Nuwamba 2022 da ƙarshen Janairu 2023. Sanƙarau yana lalata can cikin kunne, sau da yawa a kwanaki kaɗan. Haka ma ƙyanda, da hangum, da shawara mai tsanani a jariri sabon haihuwa, da ruwan kunne da ya daɗe yana zuba, da wasu allurai masu ƙarfi irin su jantamisin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba.

Mataki na biyu: likita, da abin da za ku tambaye shi

Ku nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro a babban asibitin ƙasa na Damagaram, ko ku roƙi likitan unguwarku ya rubuta muku takardar zuwa can. Tambayoyi uku sun isa: kunne ɗaya ne ko biyu, yaya zurfin rashin jin yake, kuma matsalar a hanyar kunne take ko a can ciki? Amsar ta uku ita ce mai raba hanya. Dattin da ya toshe kunne, da ruwa a bayan dodon kunne, da ciwon da ke sa mugunya, duk ana iya maganinsu, jin ya dawo ko ya ƙaru. Idan kuwa can ciki ne ya lalace, babu ƙwaya ko ɗigo ko sassaƙe da ke mayar da shi, kuma wanda ya ce zai mayar a ba shi kuɗi, kuɗin kawai zai ci. Kada a ɗiga man shanu ko ruwan ganye a kunnen da ke zubar da ruwa, kada a sa tsinke.

Na'urar ƙara ji tana taimakon yaron da ke da sauran ji, amma ƙara ƙarfin sauti kawai take yi. Dole a auna kunnen a saita ta daidai da shi, a riƙa canza batir, a kare ta daga ƙurar hunturu da zufar bazara, a kuma sake ɓangaren da ke shiga kunne yayin da yaron ke girma. Wadda aka saya a kasuwa ba awo tana iya ƙara ɓarna. Ko yaron ya sami na'ura mai kyau, maganar hannu ba ta hana shi koyon magana da baki; yaron da ya riga ya san ma'anar abubuwa da hannu ya fi saurin gane abin da ake ƙoƙarin koya masa da leɓe.

Mataki na uku: ku nemi kurame manya

Wannan shi ne matakin da iyaye suka fi tsallakewa, wani lokaci don kunya, wani lokaci don zuciya ba ta riga ta amince ba. Amma malaman maganar hannu na gaskiya su ne kurame da kansu, kuma suna nan cikin gari: akwai tela, akwai kafinta, akwai mai wankin babur, akwai mai sayar da kaya a kasuwar Dole, kuma sun san junansu, suna da wuraren da suke haɗuwa su yi hira da yamma. Ku tambayi mai unguwa, ko ku je makarantar kurame ta nan Damagaram ku gaisa da malamai, ko ku nemi wakilan Ƙungiyar Kurame ta Nijar. Ku je da yaron. Ranar da ya fara ganin babban mutum irinsa, mai sana'a da iyali, yana hira da hannu ana dariya, rana ce mai girma gare shi, kuma ta fi girma ga iyayensa.

Za ku tarar da maganar hannu iri biyu, kuma ya kyautu ku san asalinsu don kada ku rikice. Ta farko ita ce ta gargajiya, wadda kuramen ƙasar Hausa suka gada tun kafin zuwan boko, alamominta sun fito daga rayuwarmu, daga daka da noma da rawani da kasuwa, shi ya sa mai ji ma yakan tsinci wasu. Wata masaniyar harsuna Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarci wannan harshe, ta wallafa bincikenta a 2000. Ta biyu ita ce ta lakwal, wato makarantar boko. Tushenta maganar hannun Amurka ce, wadda Andrew Foster ya kawo Afirka. Shi baƙar fata ne ɗan Amurka, sanƙarau ne ya kurumtar da shi yana da shekara 11, ya yi karatu a jami'ar kurame ta Gallaudet, ya buɗe makaranta a Gana a 1957, ya buɗe a Ibadan a 1960, kuma kafin rasuwarsa a 1987 ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashen Afirka. Ta hannunsa da ɗalibansa harshen ya shiga ƙasashe masu amfani da Faransanci, aka daidaita shi da kalmomin Faransanci, shi ne ake koyarwa a makarantun kurame na Yamai da Maraɗi da Damagaram. Ke nan maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya tana cewa sun haura 300, kuma ta Faransa dabam take da wadda ake yi a nan, don haka bidiyon da kuka samo a intanet ba lalle ya dace da abin da malamin yaronku ke yi ba.

Wace za ku koya? Ra'ayina shi ne ku bi wadda kuramen garinku ke yi a hirarsu, wadda galibi ta haɗa biyun, ku ba alamomin lakwal muhimmanci domin da su zai yi karatu. Alamomin da kuka ƙirƙira a gida ba sai an zubar da su ba, amma su kaɗai ba za su kai yaro ko'ina ba, tunda ba mai gane su sai ƴan gidan, kuma da wuya su wuce ci da sha da zo da tafi.

Mataki na huɗu: koyo a kowace rana

Ku fara da abin da yaron ke buƙata yau: ruwa, tuwo, fura, barci, wanka, fitsari, zafi, ciwo, ƙari, ya ƙare, a'a, jira. Ku ɗauki wayar salula ku roƙi kurman da ke koya muku ya yi kowace alama sau biyu a hankali kuna ɗaukarsa bidiyo, ta gaba da ta gefe, ku tura wa duk mai waya a gidan. Alama biyar a mako da aka yi amfani da su sun fi hamsin da aka haddace aka ajiye.

Ga yadda ake shigar da alama. Yaron ya zo yana jan zanen uwarsa yana nuna randa. Maimakon ta miƙa masa moɗa kai tsaye, sai ta durƙusa har fuskarta ta yi daidai da tasa, ta jira ya kalle ta, ta yi alamar ruwa, ta ɗaga gira alamar tambaya, ta nuna randar, ta sake yin alamar, sa'an nan ta ɗebo. Idan ya sha, ta yi alamar ya ƙare. Kada ta hana shi ruwan don bai maimaita ba. A yi haka sau goma a rana, wata rana za a ga ya yi alamar da kansa, a karkace, da yatsu ba daidai ba, kamar yadda mai ji ke fara cewa «uwa» a maimakon «ruwa». A amsa masa da murna, a maimaita masa daidai, a wuce.

Abin da ya fi wuya ga mai ji shi ne tuna cewa a wurin kurma ido ne kaɗai ke yin aikin ido da na kunne. Mai ji yana kallon akuya yana sauraron uwarsa a lokaci guda. Kurma kuwa sai ya kalli akuyar, ya juyo ya kalli hannun, ya koma ga akuyar. Don haka a nuna abu, a jira ya gama kallo ya juyo, sa'an nan a yi magana. Wanda ya yi alama yaro na kallon wani wuri bai ce komai ba.

Kowace alama tana da siffar hannu, da wurin da ake yin ta a jiki, da motsi, da inda tafin hannu ya fuskanta, kuma canza ɗaya daga cikinsu na iya canza ma'ana. Fuska ma tana cikin nahawun harshen: da ita ake bambanta tambaya da labari, da ita ake nuna ƙin yarda, da yawa ko ƙanƙanta. Tarbiyyarmu ta kunya da sunkuyar da kai tana yi wa manya, musamman iyaye maza, nauyi a nan, amma uban da ya yi alamar farin ciki da ɗaurarriyar fuska ya gaya wa ɗansa abu biyu masu karo da juna. Haka kuma kada a tsawata wa yaro kurma don ya kalli babba cikin ido. Sauraro yake yi.

Bayan wata biyu ko uku ku fita daga sunayen abubuwa ku shiga jimla: jiya, gobe, don me, wa ya yi, idan ka gama sai mu tafi. Ku koyi haruffan yatsu na hannu ɗaya, waɗanda ake harhaɗa sunayen mutane da garuruwa da su. Ku bar kurame su raɗa wa kowa na gidan sunan hannu, domin al'adarsu ce su ba mutum alama daga wata siffa tasa, tsage ko wushirya ko yadda yake kafa hula, kuma da wannan ne yaron zai iya tambayar ina Yaya, ina Kawu. Ƴan'uwansa yara za su riga ku iyawa, ku bar su su ja ku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan ya shafi yaron da ƙannensa baki ɗaya. Abin da za a guje wa shi ne a bar mutum ɗaya, yawanci uwa ko yayarsa mace, ta zama ita kaɗai ce mai iya magana da shi, domin ranar da aka yi mata aure ko ta yi tafiya yaron ya koma shiru a gidan ubansa.

Wasu za su ce ai yana karanta leɓe. Ku tsaya gaban madubi ku ce «bari», ku ce «mari», ku ce «ɓari» ba tare da murya ba, za ku ga leɓen bai bambanta su ba. Sautuka irin su k da g da ƙ a can cikin baki ake yin su, kuma karin sautin Hausa ba ya bayyana a leɓe ko kaɗan. Rabin karatun leɓe cinta ne, yana kuma gajiyar da mutum. Ɗaga murya bai ƙara komai ba sai murguɗe baki.

Mataki na biyar: gyaran zaman gida

Hirarmu ta gida da dare ake yin ta, a tsakar gida, sau da yawa cikin duhu, kuma duhu ga kurma shi ne ƙarshen magana. Ku rataya fitila mai caji ko mai hasken rana a inda za ta haska fuskoki da hannuwa, kada a haska tocila cikin idonsa, kuma mai magana kada ya ba haske baya. A zauna a zagaye. Idan aka yi dariya ya tambayi abin da ya faru, a gaya masa a lokacin; «bari, anjima» da ake yawan ce wa kurame tana daga cikin abubuwan da manyansu ke tunawa da ɗaci.

Idan za a kira shi, a taɓa kafaɗarsa a hankali, ko a kaɗa hannu inda zai gani, ko a kunna fitila a kashe. Kada a jefe shi da tsakuwa, kada a fizgo shi ta baya. A kira shi da sunan da aka yanka masa, a hana yaran unguwa tsokanar nan ta sa ganye a baki, kuma babba ya yi wa iyayensu magana idan ta kama. A riƙa sanar da shi abin da kowa ya ji da kunne: an kira salla, an yi baƙi, Kaka ba ta da lafiya, gobe za mu Mirriya.

Akwai darasin da bai kamata a jinkirta ba, musamman ga ƴa mace. A koya mata alamun sassan jiki, da alamar a'a, da alamar wani ya taɓa ni, da sunayen hannu na mutanen da ke shigowa gidan. Mai mugun nufi yakan zaɓi yaron da ya tabbata ba zai iya ba da labari ba. Yarinya kurma kada ta fita talla ita kaɗai.

Mataki na shida: lakwal da makarantar allo

Ku yi wa yaron takardar haihuwa, ku je makarantar kurame tun kafin ya kai shekarun shiga don ku san lokacin rajista da abin da ake nema. Idan kuna ƙauye mai nisa kuma dole ya shiga lakwal ta kowa da kowa, ku roƙi malamin ya zaunar da shi a gaba ta gefe, inda zai ga malami ya ga ƴan aji, kada ya yi bayani yana fuskantar allo, ya kuma rubuta aikin gida maimakon faɗa da baki. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma yarjejeniyar ta ambaci koyar da kurame da maganar hannu ƙarara, don haka haƙƙi kuke nema, ba alfarma ba.

Makarantar allo ma kada a bar shi a baya. Uba ya je da kansa ya ce: «Allah ya gafarta Malam, ga ɗanka na kawo. Ba ya ji, amma yana gani, hannunsa kuma yana da kyau. A taimaka a koya masa rubutu, kada a buge shi don bai biya da baki ba.» Alwala da salla da ido ake koyonsu, a tsayar da shi kusa da wanda zai bi. Ma'anar abin da ake yi kuwa, wane ne Allah, don me ake azumi, wannan aikin hannuwan iyaye ne, kuma shi ma dalili ne na zurfafa koyo.

Mataki na bakwai: hanya, asibiti da girma

Ƴan kabu-kabu da adaidaita sun dogara da oda, shi kuwa ba ya jin ta. A koya masa tafiya a gefen da zai fuskanci abin hawa mai zuwa, da waiwaye kafin tsallaka ko da lungu ne, a kuma yi atisayen tare da shi sau da yawa a titin unguwa kafin a aike shi shi kaɗai.

A asibiti ku gaya wa mai kiran suna tun da farko cewa marar lafiyar kurma ne, don kada a kira a wuce shi. Ku roƙi likita ya dubi marar lafiyar yayin da yake magana, ya sauke takunkumin baki idan babu haɗari, ya nuna allura ko abin awo kafin ya taɓa jiki. A jikin takardar magani a zana fitowar rana, da tsakar rana, da wata, a sa ɗigo adadin ƙwayoyin a ƙarƙashin kowanne, sa'an nan a sa shi ya maimaita bayanin da hannunsa, domin gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce. Idan ya girma, shi zai zaɓi mai yi masa tafinta. Bai dace a sa ƙaramin yaro ya fassara wa mahaifiyarsa kurma maganar awon ciki ba.

Idan lokacin sana'a ya yi, ku bar shi ya zagaya ya ga ɗinki, da walda, da gyaran waya, da dukanci, ya zaɓa, kuma ku zauna da maigidan nasa makon farko ku koya masa alamun kayan aiki da na haɗari. Ku koya masa lissafin kuɗi da canji tun yana ƙarami, ya riƙe abin da ya samu da kansa. Kiran bidiyo na WhatsApp ya buɗe wa kurame hira daga nesa, don haka waya mai kyamara gare shi kayan aiki ce. A batun aure kuwa, malaman fiƙihu sun yarda cewa isharar da ake fahimta daga wanda ba ya magana tana tsayawa a matsayin furucinsa a ciniki da aure da saki. Saboda haka kafin a karɓi sadaki a tambayi yarinya kurma da harshen da take ji, a gaban wadda ta iya maganar hannu sosai kuma ba ta da wata riba a cikin auren, a nuna mata mutumin, a bayyana mata inda za ta zauna da waɗanda za ta zauna da su, a jira amsarta.